Maƙera Da Kanikawan Abuja: Gyara Sun Iya, Saura Ƙira

Da zarar an ɗauke wutar lantarki a Nyanya ko Kubwa ko Lugbe, ba a daɗewa sai ka ji unguwa ta ɗauki ruri, kowane gida da kowane kanti ya tayar da janaretansa. Idan rani ya yi, ka gangara fadamun da ke bakin kogin Gurara da na Usuma, wajajen Gwagwalada da Kwali da Abaji, za ka tarar da irin wannan ƙara, domin injin ban-ruwa ne ke shayar da tumatir da tattasai da masarar da ake ci a birni. Mai markaɗe da injin yake cin abinci, haka mai wankin mota, haka ɗan acaɓa da mai Keke Napep. Watau dai ƙaramin injin ya zama jakin zamani, shi ke ɗauke da kayan talaka.

To, amma fa in ka juya kowane ɗaya daga cikin injunan nan ka duba inda aka ƙera shi, sai ka ga Sin ko Indiya ko Japan. Tun daga ran 29 ga watan Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kana darajar Naira ta faɗi a watannin da suka biyo baya, kuɗin injin da na kayan gyaransa ya fi ƙarfin mutane da yawa. Wannan ne ya sa tambayar da aka daɗe ana yi ta sake tasowa: shin ƙasar da ke da maƙera da kanikawa bila adadin, me ya hana ta ƙera ɗan ƙaramin injin mai silinda ɗaya? A wasu ƙasashe mutum ɗaya kan yi wannan aiki a ɗakin bayan gidansa. Bari mu duba yadda ake yinsa, da abin da muke da shi, da kuma abin da ya rage mana.

Ƙira ba baƙuwa ba ce a nan

Kafin Janar Murtala Muhammad ya sa hannu a dokar da ta kafa Babban Birnin Tarayya ran 3 ga watan Fabrairu, 1976, wannan yanki ya daɗe da sanin ƙarfe. A Taruga, wadda ke kudu maso gabas da Abuja, masu haƙa don binciken tarihi, a ƙarƙashin Bernard Fagg, sun tono murahun narka tama waɗanda aka yi amfani da su ƙarni huɗu ko fiye kafin haihuwar Annabi Isa. Suna cikin mafiya daɗewa da aka samu a Afirka ta Yamma. A ƙasar Hausa kuwa, kusan babu birnin da ba shi da unguwar maƙera da Sarkin Maƙera. Maƙeran baƙi su ke yin garma da fartanya da lauje da takobi, maƙeran fari kuma su ke aikin azurfa da tagulla. Da zuga-zugi da masaba da awartaki da uwar maƙera suka riƙe noma da yaƙi na ɗaruruwan shekaru.

Da zamani ya zo, sai sana'ar ta yi rassa. Ma'aikatun jirgin ƙasa na Ebute Metta da Inugu da Zariya sun horar da mutanen da suka san sassaƙar ƙarfe da injin. A Kaduna kasuwar Panteka ta zama makarantar masu walda da masu haɗa injin niƙa da injin casar masara. Masu zubin tukwanen alminiyam, wanda wasu ke kira sanholo, sun bazu daga Kano zuwa Maraɗi, kuma su ma gwanayen narka ƙarfe ne da zuba shi a mazubin yashi. Da gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga watan Disamba, 1991, sai 'ya'yan waɗannan sana'o'i suka biyo ta. Yau ga su nan a unguwar kanikawa ta Apo, da Dei-Dei, da Zuba, da Kugbo, da sauran gefen birni.

A wuraren nan akwai mai faɗaɗa ramin silindar da ta cinye domin a sa mata fistin mafi girma, akwai mai goge karanshaf, akwai mai sassaƙa bushin da noti da sandar famfo. Bayan tsadar fetur ma, kanikawa da yawa sun koyi juya janareta da injin ban-ruwa su koma aiki da iskar gas. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka yanki ne na ƙirar injin. Abin da ba a yi ba shi ne a haɗa su wuri guda, a fara daga ɗanyen ƙarfe a ƙare da injin mai tashi.

Abin da ke cikin cikinsa

Mu ɗauki injin da manoman rani suka fi sani, watau Honda GX160 da 'yan'uwansa na Sin da aka kwaikwaya daga gare shi. Faɗin ramin silindarsa milimita 68 ne, fistin kuma yana hawa da sauka tsawon milimita 45. Yana aiki ne bisa tsarin da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya tabbatar a shekarar 1876, mai matakai huɗu. Da farko fistin ya sauka, bawul ɗaya ya buɗe, iska gauraye da fetur ta shigo daga kafireto. Sa'an nan ya hau ya matse ta har ta koma wajen kashi ɗaya cikin takwas na girmanta. A daidai nan fulogi ke ba da tartsatsi, wuta ta kama, ta tunkuɗa fistin ƙasa da ƙarfi. Daga ƙarshe ya sake hawa, ɗaya bawul ɗin ya buɗe, hayaƙi ya fita ta salansa.

Kwanrod shi ke haɗa fistin da karanshaf, wanda ke mayar da hawa da sauka su zama juyi. Filawil, watau gargare mai nauyi da ke jikin karanshaf, shi ke ajiye ƙarfin bugu ɗaya ya raba wa sauran matakai uku. Kamshaf kuwa shi ke buɗe bawul a kan lokaci, kuma dole ya yi juyi ɗaya duk sa'ad da karanshaf ya yi biyu, shi ya sa haƙoran giyarsa suka ninka na abokinsa.

A fahimta dai abin ba shi da wuya. Wuyarsa tana cikin sauri da awo. Injin nan yana juyi har sau 3,600 a minti ɗaya, watau sau 60 a daƙiƙa, wuta kuma tana kamawa a cikinsa sau 30 a kowace daƙiƙa. Ratar da ke tsakanin fistin da bangon silinda ba ta wuce kashi 2 zuwa 5 daga cikin ɗari na milimita ba, abin da bai kai kaurin silin gashin kai ba. In ratar ta yi kaɗan, fistin zai kumbura da zafi ya cije. In ta yi yawa, matsi zai zurare, injin ya riƙa shan baƙin mai yana hayaƙi. Ido ba ya ganin wannan bambanci, hannu ma ba ya jinsa, sai ma'aunin nan da ake kira maikiromita.

Daga mazubi zuwa injin sassaƙa

Wanda zai ƙera injin a gida yakan fara ne da takarda. Kowane yanki sai an zana shi, an rubuta awonsa, an kuma rubuta iyakar kuskuren da za a yafe. Bayan haka sai a sassaƙa samfur na katako mai siffar yankin da ake so, a yi shi ya ɗan fi girma, domin ƙarfe yana tsukewa in ya huce, kuma ana bukatar abin da za a kankare daga baya. A danna samfur ɗin cikin yashi mai laka da ɗan danshi a akwati mai ɓari biyu, a zare shi a hankali, a bar hanyar zuba ƙarfe da ta fitar iska. Duk mai zubin tukunya ya san wannan kamar yunwar cikinsa.

Alminiyam yana narkewa a digiri 660, saboda haka gawayi da injin hura iska sun isa. Amma ba kowane alminiyam ne ya dace ba. Na gwangwanin lemo da na tukunya yana da taushi, kuma yana kumbura da yawa in ya ji zafi. Wanda ya san aiki yakan nemi tsofaffin fistin da kan silindar mota wurin 'yan gwangwan, domin su an gauraya su da sinadarin silikon, wanda ke sa ƙarfen ya gudana da kyau a mazubi, ya kuma jure gogayya. Da wannan ake zuba gidan karanshaf da kan silinda da fistin.

Bangon silinda da ringi da filawil kuwa, ƙarfen zubi suke so, irin mai toka-toka da ke karyewa maimakon ya lanƙwashe. Shi yana ɗauke da ɓurɓushin baƙin sinadari irin na bakin fensir, wanda ke sa shi santsi ko da mai ya yi ƙaranci. Sai dai ba ya narkewa sai wuta ta kai wajen digiri 1,200, kuma a nan ne murhun mai tukunya ke gazawa. Masu ƙira a gida sukan kauce wa wannan ta hanyar yanko abin da suke so daga tsohon ƙarfen zubi mai kauri, ko su sayi sandarsa.

Daga nan aiki ya koma kan injin sassaƙar ƙarfe. Shi wannan injin yana riƙe ƙarfe ya juya shi, wuƙa mai tauri kuma tana tafiya a kan miƙaƙƙiyar hanya tana fere shi kaɗan-kaɗan. Tun da Henry Maudslay ya kyautata shi a Ingila wajen shekarar 1800, ya zama uwar injuna, domin da shi ake yin sassan kowane injin, har da na irinsa. A kansa ake huda silinda ta fito daidai tun daga sama har ƙasa, sa'an nan a goge cikinta da dutse mai laushi, a bar wasu 'yan zane-zane masu gicciye da juna waɗanda za su riƙe mai. Ƙa'idar masu sana'a ita ce a gama silinda tukuna, kana a fere fistin ya dace da ita, domin rage waje ya fi rage ciki sauƙi.

Karanshaf ya fi kowane yanki cin rai, saboda yana da cibiya biyu: wadda yake juyawa a kanta, da wadda kwanrod ke kamawa. Tazarar da ke tsakaninsu rabin tafiyar fistin ce, watau milimita 22 da rabi a injin da muka ambata. Dole a kafa ƙarfen a karkace a fere cibiya ta biyu, wuƙa tana cizo tana saki, kuma gaggawa kaɗan ta isa ta lanƙwasa aikin mako guda. Ringi ma yana da nasa sirri. Ana fere shi kamar zobe daga ƙarfen zubi, a tsaga shi wuri ɗaya, a buɗa tsagar da ɗan ƙarfe, a gasa shi ya yi ja, a bar shi ya huce a hankali. Da haka yake samun tsalle irin na baka, ya riƙa dannan bangon silinda da kansa. Bawul kuma a fere bakinsa a karkace, a murza shi a mazauninsa da man gurza har sai ko fetur ba ya ɗiga ta wurin.

Fulogi da boris da kwayil ɗin wuta, waɗannan saye ake yi, kuma babu abin kunya a ciki, domin manyan kamfanoni ma saye suke yi. Sai dai a kiyaye abu uku da ke kisa. Ɗigon ruwa a cikin narkakken ƙarfe yana fashewa kamar albarushi. Filawil mai tsaga a ciki yana iya tarwatsewa in injin ya yi gudu. Hayaƙin injin a rufaffen ɗaki kuwa ya sha hallaka iyali guda a dare ɗaya a ƙasar nan.

Waɗanda suka fara a bayan gida

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wasan yara ne. Daren jajibirin Kirsimeti na shekarar 1893, Henry Ford, wanda a lokacin ma'aikacin kamfanin lantarki ne a Detroit ta Amurka, ya ɗaure wani ɗan injin da ya haɗa a wurin wanke-wanken madafar gidansa. Guntun bututu ne silindarsa. Matarsa Clara ce ta riƙa ɗiga masa fetur yana juya gargaren har ya tashi. Shekara 10 bayan haka ya kafa kamfanin Ford.

A ƙarshen shekarar 1902 kuwa, 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, suka nemi kamfanin da zai yi musu injin marar nauyi na jirgin sama, ba su samu ba. Sai bakanikensu na shagon kekuna a Dayton, Charlie Taylor, ya ƙera musu shi cikin mako shida, mai silinda huɗu da ƙarfin doki 12. Karanshaf ɗinsa daga fallen ƙarfe ya fitar da shi: ya zana siffarsa, ya bi layin da huji ɗaya bayan ɗaya, ya ɓalle sauran da kurfi, kana ya fere shi. Wannan injin ne ya ɗaga jirginsu ran 17 ga watan Disamba, 1903.

Labarin Soichiro Honda na Japan shi ya fi kusa da namu, domin shi ma bakanike ne ɗan maƙeri. Da ya shiga ƙirar ringi kafin yaƙin duniya na biyu, kamfanin Toyota ya gwada guda 50 daga cikin nasa, uku kaɗai suka ci. Hannunsa ba shi da laifi, ilmin haɗa ƙarfe ne ba shi da shi, sai ya koma makarantar fasaha ta Hamamatsu ya zauna tare da yara ya koya. A 1946 ya sayi ragowar ƙananan injuna na rediyon soja ya riƙa ɗaura su a kekuna. Da suka ƙare, ya ƙera nasa a 1947, ya kafa kamfanin Honda a 1948. Jikokin wannan injin ne ke ban-ruwa a fadamunmu.

Mu ma ba mu rasa masu irin wannan zuciya ba. A shekarar 2007 labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero ta Kano, ya zaga duniya, saboda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a gida da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga daga ƙasa. Abin lura shi ne injin da ya ɗaga shi na tsohuwar mota ƙirar Honda Civic ne. Haka abin yake ga yawancin masu ƙirƙirarmu: su yi gangar jiki, su yi fentin, amma zuciyar sai an aro ta daga waje.

Inda gizo ke saƙa

Matsala ta farko ita ce ƙarfe. An ba da kwangilar kamfanin ƙarafa na Ajaokuta ga Tarayyar Sobiyet a 1979, amma babban murhunsa na narka tama bai taɓa aiki ba. Saboda haka maƙerin zamani ya dogara ne ga 'yan gwangwan, kuma bai san ainihin haɗin ƙarfen da ya saya ba sai ya gwada. Wannan kasuwa ma tana da tabo, domin ɓarayin murafen kwalbati da wayoyin lantarki ta nan suke shigar da kayansu. A watan Janairu na 2025 hukumar Babban Birnin Tarayya ta hana 'yan bola yawo a cikin birni, ta kuma rufe kasuwannin panteka na mako biyu don tantance masu sana'ar. Hana sata wajibi ne, amma ya kamata a tuna cewa ta wannan ƙofa ce ɗanyen kayan mai ƙira na gaskiya ke shigowa.

Ta biyu ita ce kayan aiki da wuta. An kafa kamfanin ƙera injunan sassaƙa a Oshogbo a 1980 tare da haɗin gwiwar kamfanin HMT na Indiya, amma yawancin injunan da ke garejinmu tsofaffi ne da aka shigo da su bayan sun gama aiki a Turai. Wanda hanyarsa ta cinye ba zai fere silinda ta miƙe ba. Manya daga cikinsu kuma wuta mai layi uku suke so, wadda ba kowace unguwa ke da ita ba, sai ka ga mai ƙirar injin yana ƙona man gas a wani injin kafin ya yi aikinsa.

Ta uku ita ce matsuguni. Tsarin Abuja ya ware wa manyan masana'antu yankin Idu, amma bai yi wa ƙaramin maƙeri tanadi sosai ba. An shafe shekaru ana maganar mayar da kanikawan Apo zuwa Wasa. Injin sassaƙa yana bukatar daɓen kankare da za a kafa shi a daidaita shi, kuma mutumin da ke kwana da fargabar rusau ba zai zuba jarinsa a ƙasa ba.

Ta huɗu, wadda ta fi sauran zurfi, ita ce rabuwar hannu da takarda. Yaron da ya tashi a gareji yana jin ciwon injin da kunnensa, amma sau da yawa ba a koya masa karanta zane ba, awonsa kuma shi ne a kawo tsohon a yi irinsa. Wanda ya fito jami'a kuwa ya san lissafin, amma bai taɓa fere ƙarfe ba. Muddin awo bai hau takarda ba, fistin da aka yi a Zuba ba zai shiga silindar da aka huda a Dei-Dei ba, kuma kowane injin zai zama ɗa tilo marar ɗan'uwa.

Akwai kuma gaskiyar da ba a ƙi ta. Injin da mutum ɗaya ya kwashe watanni yana ƙerawa ba zai taɓa yin arahar wanda masana'antar Sin ke fitarwa dubbai a rana ba. Wanda ya ce a daina shigo da injin gobe, manomi zai fara cuta. Amfanin injin gida shi ne makaranta ce: wanda ya gama guda ɗaya ya san zubi, ya san awo, ya san halin ƙarfe, kuma daga ranar zai iya yin kayan gyaran da ake saye da dala.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Injin nan mai sanyin gudu da ke juya injin niƙa a ƙauyukanmu, wanda ake kira Lista, asalinsa na kamfanin Lister ne da ke Dursley a Ingila, amma mafi yawan waɗanda ke kasuwa a Indiya aka yi su. Birnin Rajkot na jihar Gujarat ya shahara da su, kuma ba wata ƙatuwar masana'anta ɗaya ce ta yi wannan suna ba. Ƙananan shaguna ne masu yawa, wannan yana zuba bulo, wancan yana fere karanshaf, wani kuma bawul kaɗai ya sani, sa'an nan mai haɗawa ya tattara ya sa sunansa. Abin da ya ɗaure su shi ne dukkansu awo ɗaya suke bi.

Kusa da mu, a unguwar Suame ta Kumasi a Ghana, inda kanikawa dubbai ke aiki, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kumasi ta buɗe wani ɗakin aiki a tsakiyarsu a 1980. Malamai suka bar harabar jami'a suka je inda masu sana'a suke, suka nuna musu injunan sassaƙa da hanyar narka ƙarfen zubi, kuma daga nan ƙananan masu zubin ƙarfe suka yaɗu a unguwar.

Abuja tana da ofisoshi da dama da aka kafa don wannan aiki. Hukumar NASENI, wadda aka kafa a 1992 domin samar da ginshiƙan kimiyya da injiniya, hedkwatarta tana Idu, kuma tana da cibiya a Kano mai kula da famfuna da kayan ruwa. Akwai hukumar binciken ɗanyun kaya ta RMRDC. Akwai hukumar tsara motoci ta NADDC, wadda Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya yi suna a kamfanin General Motors, ya shugabanta daga 2017 zuwa 2023. Ga kuma kwalejojin fasaha a Garki da Orozo. Tsakanin waɗannan ofisoshi da rumfunan Apo da Dei-Dei tafiyar ƙasa da sa'a ɗaya ce a mota.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfinsu ba. A zaɓi injin ɗaya mai sauƙi, mai silinda ɗaya, wanda zai ja famfo ko injin markaɗe, a zana shi yanki-yanki, a buga zanen da bayani cikin Hausa da sauran harsunanmu, a raba wa duk mai so. A kafa ɗakin aiki na haɗin gwiwa a cikin kasuwar masu sana'a, mai wuta tsayayya da injin sassaƙa mai kyau da murhun ƙarfen zubi da ma'aunai, inda mutum zai biya kuɗin sa'a ya yi aikinsa. A ba su fili da takarda. Kana a fara da abin da kasuwa ke nema kullum, kamar fankar famfo da fuli da filawil da bushin da farantin niƙa, kafin a hau zuwa fistin da ringi. Hukumomin da ke raba wa manoma injin ban-ruwa su ware wani kaso na sayayyarsu ga kayan gida da suka ci jarrabawar awo.

Su ma masu sana'a akwai nasu. Ƙungiyoyinsu su tsabtace kasuwar gwangwan da kansu, su san mai kawo kaya da inda ya samo. Kowane maigida ya sayi maikiromita ko da ɗaya ne, ya koya wa yaransa karanta shi kamar yadda yake koya musu riƙe sifana, ya kuma bar su su je ajin yamma. Iyaye kuma su daina ganin ƙira da kanikanci a matsayin makomar yaron da boko ya ƙi. Mai zubin tukunya yana Zuba, masassaƙin ƙarfe yana Apo, injiniya yana Idu, manomin da zai saya yana Kwali. Duk a cikin Babban Birnin Tarayya suke, abin da ya rage shi ne wanda zai tara su a kan zane ɗaya.